Ina Manhajar Take Bayan Ɗalibi Ya Tafi?

 

Sharhinmu na yau zai leƙa wani lungu da rediyo ba ta cika shiga ba, wato ɗakin gwaje-gwaje, da kwamfutar da ke ajiye a gefen madubin likita. Wani zai ce ga tsadar taki, ga rashin tsaro a hanya, me ya kai mu nan? A ba ni aron kunne tukuna. Maganar ta taɓa jinin da ake ɗiba a yatsan ɗanka idan zazzaɓi ya kwantar da shi, ta taɓa ganyen dawar da ke gonarka a Bungudu, ta kuma taɓa gumin ɗalibanmu da ke tafiya a banza kowace shekara ba tare da kowa ya lura ba.

Wanda ya taɓa kai yaro gwajin zazzaɓin cizon sauro ya ga farkon aikin. Ma'aikaci zai soki yatsa, ya ɗiga jini a gilashi, ya bar shi ya bushe, ya rina shi da ruwan Giemsa, ya sa a ƙarƙashin madubi. Abin da iyaye ba sa gani shi ne sauran. In ana son a san yawan ƙwayoyin cutar, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ma'aikacin ya yi ta ƙirga su har sai ya ƙirga fararen ƙwayoyin jini 200, sannan ya yi lissafi bisa ɗaukar cewa akwai farare 8,000 a kowane maikirolita na jini. Aikin ido ne da haƙuri. A tsakiyar damina, layi ya kai bakin ƙofa, ido na gajiya. Haka abin yake ga mai binciken noma da ke son auna faɗin ganyen wake ɗari, ko ƙirga irin wuta-wuta, wanda ƙanƙantarsa ta kai ta ƙura, ga shi tsiro ɗaya na zubar da dubun-dubatarsa.

Shi ya sa masana suka koya wa kwamfuta ƙirga da awo daga hoto. Manhajar da ta fi shahara a wannan fanni sunanta ImageJ. Wani ma'aikacin Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, Wayne Rasband, shi ya rubuta ta. Ya fara da wata mai suna NIH Image a 1987, wadda ba ta aiki sai a kwamfutar Macintosh, sannan a 1997 ya fito da ImageJ a harshen Java domin ta hau kowace irin kwamfuta. Da yake ma'aikacin gwamnati ne ya yi ta a bakin aikinsa, doka ta mayar da ita dukiyar jama'a. Ba a biyan ko sisi. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da farfesa a Jamus, manhaja ɗaya za su sauke.

Amma ba kyautar ce kaɗai ta raya ta kusan shekara talatin ba. Rasband ya bar mata ƙofa a buɗe. A cikin manhajar akwai wata folda mai suna plugins. Duk wanda ya rubuta ɗan ƙarin umarni na kansa, abin da masu sana'ar ke kira fulogin, ya jefa shi a wannan folda, da ya sake kunna manhajar zai gan shi a jerin ayyukanta kamar da can da shi aka yi ta. Wanda bai iya Java ba ma an yi masa hanya. Akwai wani maɓalli da ke naɗar duk abin da ka latsa, ya mayar da shi rubutu, ka ajiye, gobe ka sa kwamfuta ta maimaita shi a kan hotuna ɗari biyar kana shan shayi. Wannan shi ake kira makuro. Ta haka likitoci da masu nazarin tsirrai da ba su taɓa karanta ilimin kwamfuta ba suka zama marubuta manhaja, kowa yana ɗinka wa matsalarsa riga daidai jikinta.

To, a nan gizo ke saƙar. Rubuta ƙarin ya zama abu mai sauƙi, adana shi da isar da shi ga wani kuwa ya zama wahala.

Mu ɗauki misali irin wanda duk malamin jami'a zai gane. Wata ɗaliba ta ajin ƙarshe tana furojet a kan jinin masu sikila. Ta ɗauki hotuna ta bakin madubi da wayarta, ta yi makonni tana gyara makuro har ya iya bambance jajayen ƙwayoyin da suka lanƙwashe da masu lafiya. Aiki ya yi kyau, ta ci jarrabawa. Ƙawarta ta ce a turo mata, ta tura ta WhatsApp. Ƙawar ta canza lamba ɗaya saboda nata hotunan sun fi duhu, ta ba wani ɗan ajinsu a filashi. Shi kuma ya ƙara layi biyu, ya sa wa fayil ɗin suna "sabo". Na bayansa ya sa "sabo na ƙarshe". Kafin shekara ta zagayo akwai kala biyar a sashen, kowanne na ba da ƙidaya daban a kan hoto guda, kuma ba wanda zai iya rantsuwa wanne ne na asali. Ita mai shi tana bautar ƙasa a wata jiha, laftof ɗin ta mutu, ko an sayar da ita an biya kuɗin haya. Kundin furojet ɗin yana nan a ɗakin karatu da bangonsa mai kauri, an rubuta a ciki cewa an yi amfani da ImageJ. Wane ƙari aka yi amfani da shi, da waɗanne lambobi, shiru. Ɗalibin shekara mai zuwa zai faro daga tushe.

Mu da muka tashi a garuruwan hatsi mun san wannan rigimar tun kafin kwamfuta. Ka auni gero tiya goma a kasuwar Tsafe, ka zo Gusau a sake aunawa ya zama tara da rabi. Geron bai ragu a mota ba. Tiyar ce ba ɗaya ba: wata an bubbuga gindinta, wata bakinta ya buɗe. Ƙarin manhaja tiya ce ta mai bincike. In malam biyu suka auna jini ɗaya da bugu biyu na makuro ɗaya, suka samu amsa biyu, sai su yi ta musu a kan cuta alhali saɓanin yana cikin ma'auni. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwa idon zai cece ka. A kan lambar da kwamfuta ta fitar kuwa, ido ba shi da abin kamawa, kuma mutane sun fi saurin gaskata lambar na'ura fiye da ta mutum. Shi ya sa kuskuren ya fi haɗari.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Turawa sun sha irin wannan wahala, kuma daga cikinta aka haifi manhajar Fiji. Wajen 2007 wasu masana, cikinsu har da Johannes Schindelin da Albert Cardona da Pavel Tomancak, waɗanda aikinsu ya haɗu a cibiyar Max Planck da ke birnin Diresdin a Jamus, suka gaji da bin shafukan mutane suna tsintar fulogin ɗaya-ɗaya, wannan ya ƙi zama da wancan. Suka haɗa ImageJ da tarin ƙare-ƙaren da aka fi buƙata a ƙunshi guda, suka kuma sa mata hanyar sabunta kanta. A 2012 suka bayyana aikin a mujallar Nature Methods. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne wuraren sabuntawa. Kowane ɗakin bincike na iya buɗe nasa wurin a intanet ya zuba ƙare-ƙarensa. Mai buƙata zai shiga jeri ya sa alama a gaban sunan, manhajar ta sauke ƙarin tare da duk wasu fayilolin da ya dogara da su. In marubucin ya gyara kuskure yau, duk wanda ya sa wannan alama zai samu gyaran da zarar ya sabunta. Tushe ɗaya, kowa na sha daga gare shi. Manhajojin da suka zo daga baya, irin su QuPath da Peter Bankhead ya fara a Jami'ar Queen's ta Belfas domin hotunan tsokar jiki, su ma sun bar irin wannan ƙofa ta ƙari.

Sai dai wannan tsari an gina shi ne a kan cewa intanet na nan kullum kamar iska. Mu kuwa mun san abin da muka gani. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba data. Mutane suka riƙa tafiya har Funtuwa don su buga waya ko su tura saƙo. Duk wanda aikinsa ke jingine da sauke wani abu daga waje, a lokacin ya naɗe hannu. Ko ba a katse layi ba ma, ƙunshin Fiji ɗaruruwan megabait ne, kuma ɗalibi daga aljihunsa yake sayen data. Saboda haka kwafar tsarin Turai yadda yake ba za ta fisshe mu ba.

Abin farin ciki, Fiji na da wata ɗabi'a da ta dace da mu. Ba sai an girka ta a cikin kwamfuta ba. Folda ce guda, ana iya ɗora ta a filashi a kunna ta daga nan. Ma'ana sashe ɗaya na iya haɗa nasa ƙunshin, da duk ƙare-ƙaren da malamansa suka amince da su, ya rubuta masa kwanan wata, ya ce wannan shi ne na zangon bana, kada kowa ya sabunta shi sai an gama furojet. A ajiye na asali a kwamfutar sashe, a ajiye kwafi a wani gini daban. In ana son a kai wa masu koyon aikin lafiya a kwalejin Tsafe, ko wani mai bincike a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, filashin ne zai shiga mota, amma a wannan karon kowa ya san abin da ke cikinsa da ranar da aka rufe shi. Filashi bai taɓa zama matsala ba. Rashin sanin wanne ne na asali shi ne matsalar.

Bari in buɗe foldar ƙari guda ɗaya mu duba cikinta, domin a nan ake gane mai tsari da maras tsari. Ka buɗe makuron ɗalibi, layin farko sau da yawa yana nuna wa kwamfuta inda hotuna suke, kuma za ka ga ya rubuta hanyar da ke bi ta sunansa a tasa laftof. A kwamfutar wani, nan take zai tsaya. Gyaran layi ɗaya ne: a sa makuron ya tambayi mai amfani ina hotunan suke. Ka gangara ƙasa, za ka tarar da wata lamba a tsaye, a ce 120, wadda ke nufin duk ɗigon da ya fi wannan duhu a ɗauke shi a matsayin ƙwayar cuta. Daga ina 120 ta fito? Daga hasken madubin da ya yi aiki da shi, da irin rinin da aka yi ran nan. Ruwan da ake sirka Giemsa da shi ana son awon tsaminsa ya tsaya a 7.2. In ya kauce, launin jinin zai karkata zuwa ja ko zuwa shuɗi, lambar nan ta tashi daga aiki, kuma makuron ba zai yi ƙorafi ba, zai ci gaba da ba da amsa hankali kwance. Haka ma sikeli. Jar ƙwayar jini faɗinta wajen maikiromita 7 zuwa 8 ne, amma kwamfuta ɗigo-ɗigo take gani. In ba a gaya mata ɗigo nawa ke daidai da maikiromita ɗaya a wannan madubi da wannan waya ba, awonta tatsuniya ce. Canza waya, ko ka ɗan zuƙo hoton da yatsa, lissafi ya rushe.

Don haka ƙari mai mutunci ba ya tafiya shi kaɗai. Yana tafe da 'yar takarda da ke faɗin wa ya rubuta shi, yaushe, don wane aiki, a kan wane bugu na Fiji aka gwada shi, da irin madubi da rinin da ya dace da su. Ba abin da ya hana a rubuta takardar nan da Hausa da Turanci, tunda mai aiki da ita a ƙaramin asibiti zai fi sakin jiki da harshensa. Yana kuma tafe da hotunan gwaji biyu ko uku tare da amsar da ya kamata su bayar. Wanda ya karɓa ya fara gwadawa a kansu. In an ce 214 ya samu 214, ya san abin ya iso lafiya. In ya samu wata lamba, ya tsaya ya bincika kafin ya taɓa hotunan bincikensa. A ganina wannan 'yar dabara ta fi duk sauran amfani, kuma ita aka fi mantawa da ita. Sannan lambar bugu: 1.0, in an gyara 1.1, tare da layi guda da ke faɗin abin da aka canza. A bar "sabo" da "sabo na ƙarshe".

Akwai ƙananan tarkuna da ke cin ran sabon shiga. A tsohon tsarin ImageJ, in sunan fayil ɗin ƙari ba shi da 'yar layin nan ta ƙasa da ake sa wa tsakanin kalmomi, ba zai fito a jeri ba, mutum ya wuni yana neman laifin kwamfuta. In kuma ƙari biyu suka zo da bugu daban-daban na wani fayil ɗin da dukansu ke jingina da shi, sai ɗaya ya kashe ɗaya. Hotuna kuwa, in aka tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, matse su yake yi ya zubar da wani ɓangare na bayanansu. A tura su a matsayin takarda, ko a bi ta filashi.

Mai son ya wuce nan, akwai Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Tana riƙe tarihin kowane canji da sunan wanda ya yi shi, kuma tana aiki a kwamfuta ko babu intanet. Ranar da sabis ya samu sai a tura kwafi zuwa shafin GitHub a intanet. Akwai kuma Zenodo, rumbun da cibiyar CERN ta buɗe a 2013, inda ake ba kowane bugu lambar shaida ta dindindin da za a iya ambata a kundin digiri.

Sauran abu biyu da ke da alaƙa da doka. Na farko izini. A dokar haƙƙin mallaka, manhajar kwamfuta rubutu ce mai mai shi. In ka sa ƙarinka a fili ba ka faɗi sharaɗin amfani da shi ba, mai tsoron Allah da tsoron doka zai ja baya, maras tsoro ya ɗauka ya goge sunanka. Lasisi irin GPL ko MIT takarda ce da aka riga aka rubuta, ɗorawa kawai za ka yi. Na biyu ya fi nauyi. Hoton jini na wani bawan Allah ne. Ɗalibai kan sa wa hoto sunan majinyaci ko lambar katinsa don kada su rikice, sai hoton ya bi ƙarin ya shiga duniya. A gari kamar Bungudu, inda kowa ya san gidan kowa, fayil mai ɗauke da suna da kalmar sikila na iya ɓata maganar aure. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Kafin hoto ya zama na gwaji, a cire duk abin da zai nuna mai shi.

Wani zai ce, tunda Turawa sun rubuta dubban ƙare-ƙare, me zai sa mu wahalar da kanmu? Mu sauke nasu mana. A sauke, ba laifi, da yawansu sun fi abin da za mu iya yi a yanzu. Amma a san da me aka koya musu. Ɗaya daga cikin tarin hotunan zazzaɓin cizon sauro da aka fi amfani da su wajen horar da kwamfuta, hotuna 27,558 ne da Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya fitar, kuma jinin daga wani asibiti ne a Citagon ta ƙasar Bangaladesh. Rininsu da madubinsu da majinyatansu ba namu ba ne. Jinin yaron da ke da zazzaɓi ga sikila ga ƙarancin jini a lokaci guda, sai wanda ke ganin irinsa kullum ne zai koya wa na'ura shi. Jihar Zamfara da ta ga bala'in gubar dalma a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, tana da tambayoyin bincike da ba wanda zai zo daga waje ya yi mata su. Kuma a Arewa an fara: a Damaturu akwai cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, tana horar da matasa a kan manyan madubai na zamani. Masu fitowa daga irin waɗannan wurare za su rubuta ƙare-ƙare, kuma za su buƙaci inda za su ajiye su.

In ja kunne a nan. Duk abin da nake faɗi na bincike ne da koyarwa. Makuron ɗalibi ba ya yanke hukunci a kan majinyaci. Na'urar da za a dogara da ita a ba mutum magani tana da nata matakan tantancewa masu tsauri, kuma har yanzu idon ƙwararren ma'aikacin lab shi ne alƙali.

Ranku ya daɗe shugabannin sassa, da malaman da ke duba furojet, mafi yawan wannan aiki a hannunku yake, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Yadda ba ku sa hannu a kundi sai an kawo shi da bango, haka za ku iya cewa ba ku sa hannu sai an miƙa makuron da takardarsa da hotunan gwajinsa, an kuma kunna shi a gabanku a kwamfutar da ba ta ɗalibin ba. Minti goma ne. Inda wahalar take shi ne wa zai riƙe rumbun. Ɗalibi mai wucewa ne. Malami na iya tafiya ƙaro karatu shekara huɗu. Wanda ya fi kowa zama shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji da ma'aikacin ɗakin karatu, kuma su ne ba a cika tunawa da su ba idan ana rabon horo ko zuwa taro. Ɗakin karatu dama aikinsa ke nan, ya karɓa, ya ba da lamba, ya ajiye, ya fito da shi ranar da aka nema.

Sai kuma lada. Malamin jami'a da yawan maƙalu ake masa ƙarin girma, don haka wata uku da zai ɓata yana gyara ƙarin da wasu za su amfana da shi, a lissafin ofis asara ce. Tun 2016 akwai mujalla mai suna Journal of Open Source Software da ke duba manhajar bincike ta buga gajeriyar maƙala a kanta, domin marubucin ya samu abin nunawa. Kwamitocin ƙarin girma su yarda da irin wannan. Masu ba da kuɗin bincike, irin su TETFund, su ma suna iya ƙara tambaya ɗaya a takardar rahoton ƙarshe: ina aka ajiye manhajar, kuma wa ke riƙe da kalmar sirrin wurin? A rubuta sunan mutum biyu, kuma adireshin imel ɗin da aka buɗe wurin da shi ya zama na sashe, kada ya zama na ɗalibi.